Ɗana ya kusa shekara 2 bai fara magana ba: in jira ko in kai shi asibiti?

Maman_Haidar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, abin ya fara hana ni barci. Yarona watansa 22. Ya yi zama da wuri, ya yi rarrafe, tun kafin ya shekara yake tafiya, yanzu har gudu yake yi, ya hau kujera ya diro. Amma baki shiru. "Mama" yake cewa, sai "a'a", sai wani gwaranci da ba mai gane kansa. In ruwa yake so sai ya kama zanina ya ja ni har gindin randa ya tsaya. 'Yar maƙwabciyata da suke kusan sa'anni tana cewa "ba ni", "Abba ya tafi", har sunan akuyarsu ta sani. Hajiyar maigidana ta ce in kwantar da hankalina, nauyin baki gadon gidansu ne, shi kansa uban sai da ya shekara 3 bakinsa ya buɗe, kuma 'ya'ya maza dama haka suke. Ni dai zuciyata ta ƙi kwanciya. In jira ne ko in kai shi asibiti? In asibitin ne, wane ɓangare ake zuwa? Shi ne na farina.

Gwaggo_Asabe:
Wa alaikumus salam. Ke 'yar nan, bi maganar surukarki. Na goyi nawa, na goyi na kishiya, ga jikoki, ban taɓa ganin yara biyu da suka buɗe baki rana ɗaya ba. Mu a wajenmu cewa ake yi yaron da ya riga yin ƙafa, bakinsa kan yi jinkiri. Autana haka ya yi, yau shi ke jan limanci a unguwarsu. Ki daina gwada shi da 'yar maƙwabta, mata dama bakinsu da sauri yake.

Baban_Tagwaye:
Gwaggo ta yi gaskiya. Hassan da Hussaina nawa, ita ta riga shi da kusan rabin shekara. Ita ce ma take yi masa tafinta, in ya yi gwarancinsa sai ta ce "wai shayi yake so". Da aka sa su makarantar allo aka raba musu wurin zama, sai ga shi ya sake. Yanzu sai an ce ya yi shiru.

Nas_Hadiza:
Maman Haidar sannu, Allah ya raya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, a ɓangaren yara nake aiki. Kafin in ce komai ina so ki amsa min waɗannan, ki yi tunani sosai kafin ki amsa:

In kin kira sunansa daga bayansa, a hankali, ba tare da ya gan ki ba, yana waiwayowa? In kin ce "ɗauko takalminka" ba ki nuna da hannu ba, ba ki kalli takalmin ba, yana ɗaukowa? Yana nuna miki abu da yatsa don kawai ki gani, kamar jirgi ko kyanwa? Kunnensa ya taɓa zubar da ruwa ko mugunya? Ya yi shawara mai tsanani yana jariri, ko ƙyanda, ko sanƙarau?

Abin da muke dubawa a asibiti shi ne: wajen wata 6 zuwa 9 yaro ya fara "bababa, mamama". Wajen shekara 1 kalmar farko ta fito. Wata 18 a samu aƙalla 'yan kalmomi bayan mama da baba. Shekara 2 ya fara haɗa kalma biyu, irin "ba ni" ɗin nan da kika ce. Ba a kan rana ake yanke hukunci ba, akwai faɗi a ciki. Amma kalma biyu kacal a wata 22 ya isa a duba shi. Ba cewa nake akwai matsala ba. Cewa nake a duba.

Gwaggo_Asabe:
To ku 'yan asibiti komai sai kun tayar wa mutum da hankali. Yarinya na neman mai lallashinta.

Nas_Hadiza:
Gwaggo ki yi haƙuri, wallahi ba nufina ke nan ba. Kuma abin da kika faɗa akwai gaskiya a ciki: da yawa daga yaran da suka yi nauyin baki suna kamo sa'anninsu da kansu, kuma maza kan ɗan makara a kan mata, sai dai tazarar ƙarama ce, ba ta kai shekara guda ba. Damuwar ita ce a wata 22 ba wanda zai kalli yaro da ido ya ce wannan zai kamo, wannan kunnensa ne. Waɗanda suka kamo su muke tunawa, mu ba da labarinsu. Waɗanda aka jira har suka shekara 5 sannan aka gane ba sa ji sosai, su kuma mu muke ganinsu.

Maman_Haidar:
Anti Hadiza na gode. Nuni da yatsa yana yi sosai, da ya ji jirgi ko ya ga mage sai ya nuna ya kalle ni yana dariya. Shawara bai yi ba, ƙyanda ma an yi masa rigakafi. Amma kunne kam ya yi ruwa lokacin sanyin da ya wuce, da mura mai nauyi, aka karɓo mana maganin ɗigawa a kemis ya tsaya, daga baya ya sake dawowa ya kuma tsayawa. Maganar takalmi kuwa yana ɗaukowa, amma da na yi tunani, kullum da hannu nake nuna masa. Zan gwada yadda kika ce.

Ɗan_Damagaram:
Salamu alaikum. Ni namiji ne amma ku bar ni in sa baki, don abin ya taɓa gidanmu. Lokacin annobar sanƙarau ta 2015 yayata tana aure a Yamai, ɗanta yana da shekara ɗaya da wani abu, ya fara cewa "Inna", "ruwa", "zo". Ciwon ya kama shi, Allah ya tashi kafaɗunsa, muka yi ta murna. Sai kalmomin nan suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce jinya ce ta sa, zai dawo. Wasu suka ce iska ce. Aka yi ta rubutu da hayaƙi. Sai da ya isa shiga lakwal, wato makarantar boko, aka tabbatar ciwon ya tafi da jinsa. Yanzu saurayi ne, yana da kaifin basira, ɗinki yake koyo, amma shekarun nan da aka yi ana jira, babu magana babu alamar hannu, har gobe uwarsa in ta tuna sai ta yi hawaye. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada kunnensa, ko da ya yi kama da ya warke sarai. Kuma duk yaron da ya iya kalma ya dawo ya rasa ta, wannan ba na jira ba ne.

UmmuSadiq:
Allah sarki. Allah ya ba shi mafita. Maman Haidar ni tawa shawarar ki duba ƙarƙashin harshensa, ƙila linzami ne. Na wata ƙawata haka ya yi, aka kira wanzami ya yanke, ba a daɗe ba ya fara magana.

Nas_Hadiza:
UmmuSadiq don girman Allah kada a kai shi wajen aska. Linzami gaskiya ne akwai shi, fatar nan ta ƙarƙashin harshe takan yi gajarta. Amma inda yake ba da wahala shi ne wajen kama nono, wani lokaci kuma wajen furta wasu haruffa. Ba ya hana yaro sanin kalma. Mai linzami yana surutu, sai dai a ce bakinsa bai fita sosai ba. Ƙarƙashin harshe akwai jijiyoyin jini, na ga yaron da aka kawo mana jini ya ƙi tsayawa, ga haɗarin askar da aka yi wa wani aiki da ita. In ma linzamin ne, likita ya gani, aikin ɗan lokaci ne da kayan da aka tsabtace. Ɗan ƙawarki mai yiwuwa lokacin maganarsa ne dama ya zo.

Bakatsine:
Malama a dai riƙa sassauta wa wanzamai. Kafin asibiti ya zo garuruwanmu su suka riƙe mu. Kakana wanzami ne.

Nas_Hadiza:
Allah ya jiƙan magabata, ba raini ba ne Malam. A kan bakin yaron nan kaɗai nake magana.

Hajjo_Yola:
Ni wani abu na hango a ƙarshen rubutunta. Ta ce shi ne na farinta. Maman Haidar ki faɗa mana tsakaninki da Allah, kina yi masa hira? Don mu a gidanmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ko kuka yake sai ki kau da kai har sai wata ta ce ki ɗauke shi. Ni da na haifi ta farina a gaban surukata, nono kaɗai ke haɗa mu, shi ma a ɗaki. Kunya ta hana ni ko kallonta da kyau.

Maman_Haidar:
Hajjo kin taɓo wani wuri. A gaban Hajiya ba na kiran sunansa, sunan mahaifin maigidan ne aka sa masa, shi ya sa muke ce masa Haidar. Amma mu kaɗai muke zaune, gidan haya ne, Hajiya sai mun je. Sai dai ni ba mai yawan magana ba ce. Babansa ya fita tun safe sai bayan isha. Yini muke yi ni da shi, ina aikina yana wasansa. In ya dame ni sai in kunna masa katun a waya.

Gwaggo_Asabe:
Yauwa, yanzu na ji batu. Nan kam zan yi magana. Kunyar ɗan fari da Hajjo ta faɗa mu ma mun yi ta, kuma 'ya'yanmu ba su zama bebaye ba. Me ya sa? Gida cike yake. Uwa ta kau da kai, kaka ta ɗauka tana yi masa kirari, tana ce masa mai gidana, miji na ƙin cefane. Ƙannen uba su ɗaga shi sama. 'Yan mata su goya shi su tafi gaɗa da shi. Ana daka yana ji, ana faɗa yana ji, da dare a yi gatanan gatananku yana kan cinya. Kafin a yaye shi kunnensa ya sha magana ya ƙoshi. Ku kuwa yanzu an kai ku gida an rufe da ƙyauren ƙarfe, daga ke sai yaro sai waya. Kun ɗauko kunyar kun baro mutanen. To wa zai yi masa maganar? Ki riƙa kai shi gidan Hajiya yana yini cikin yara, ki ga aiki.

Malama_Rabi:
Gwaggo Allah ya ƙara girma, wannan magana taki ita ce abin da nake fama da iyaye a kai. Ajin rainon yara nake koyarwa. Da yaro ya zo, cikin sati guda nake gane wanda ake hira da shi a gida da wanda waya ta raina. Na waya zai iya rera miki waƙar katun da Turanci daga farko har ƙarshe, ya ƙirga har goma, amma ba zai iya cewa "Malama zan yi fitsari" ba.

Dalili shi ne magana ba ji kaɗai ba ce, karɓa-karɓa ce. Yaro ya ce "ba", ki kalle shi ki ce "ƙwallo? Ga ƙwallo, ungo ƙwallo." Ya ga bakinki, ya ga abin, ya gane sautin da ya yi ya jawo wani abu. Waya ba ta jiran amsarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta fitar da shawara cewa ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini.

Maman Haidar ba sai kin zama mai surutu ba. Abin da kike yi shi za ki riƙa faɗa. Kina wanka da shi: ga ruwa, ruwa da sanyi, kawo hannu, ɗaya hannun. Kina girki: albasa, tumatur, wuta zuzu. In ya ja ki gindin randa kada ki yi saurin ɗebo masa. Ki durƙusa daidai fuskarsa ki ce "ruwa?" ki ɗan dakata. Ko "uwa" ya ce, ki ce "eh, ruwa", ki ba shi. Kada ki ce sai ya faɗa daidai za ki ba shi, kada kuma ki hana shi har ya yi kuka. Ki riƙa ba shi zaɓi: kunu ko shayi? Yaron da ake biya wa buƙata tun bai buɗe baki ba, ba abin da zai tura shi ya yi magana.

AbuFatima:
A haɗa da addu'a. Addu'ar Annabi Musa (AS) a Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28, inda ya roƙi Allah ya buɗe masa ƙirji, ya sauƙaƙe masa al'amari, ya warware ƙullin da ke harshensa don a fahimci maganarsa. Ki riƙa karantawa kina tofa masa. Kuma wannan bai hana zuwa asibiti ba, neman magani ma umarni ne.

Maman_Haidar:
Amin Malam, na gode, zan riƙe.

MrsB_Gwarinpa:
Tambaya don Allah, tunda an zo nan. Mu a gida Turanci muke yi wa yaranmu saboda makaranta, mai aikinmu kuma da kakarsu Hausa suke yi musu. Wata ta ce min haɗa yare biyu ne ke rikita yaro ya makara. Har na ce wa mai aikin ta daina yi wa ƙaramin Hausa. Gaskiya ne?

'YarZango_Kumasi:
Hajiya ki zo zango ki gani. Yaro a nan yana tashi da Hausa a gida, Twi a bakin titi da kasuwa, Turanci a makaranta, wani ma ga yaren kakanninsa na arewa, Dagbani ko Mosanci, ga Larabcin makaranta da yamma. In da yare biyu na hana magana da duk zango bebaye ne. 'Yata tana cakuɗa su a jimla ɗaya tana ƙarama, da ta kai shekara 4 ta san wanda za ta yi wa Twi da wanda za ta yi wa Hausa, ba wanda ya koya mata.

Ɗan_Damagaram:
Haka yake a Yamai, Zabarmanci da Hausa da Faransanci. A Diffa ga Barbarci.

Malama_Rabi:
MrsB ki mayar wa mai aikinki da izininta. Yare biyu ba ya jawo nauyin baki. In za a ƙirga kalmomin irin wannan yaro, haɗawa ake yi: in ya san "ruwa" da Hausa ya san "ƙwallo" da Turanci, duka nasa ne. Abin da ya fi damuna shi ne uwar da Hausa ce a bakinta, da ita take mafarki, amma ta takura kanta sai Turanci. Sai maganarta da yaro ta koma umarni kawai: zo, zauna, bari. Babu wasa, babu kirari, babu tatsuniya, don ba ta iya su da Turancin ba. An rage wa yaro abinci ke nan da sunan gata. Kuma ranar da aka kai shi gaban kakarsa sai su zauna suna kallon juna.

MrsB_Gwarinpa:
Malama ba ki san makarantun Abuja ba ne. Yaro ya je ba Turanci, a baya za a bar shi, har yara su riƙa yi masa dariya. Ba ƙin Hausa muke yi ba.

Bakatsine:
Mu da muka shiga aji ɗaya ba mu san ko "zo" da Turanci ba fa? Ga mu nan muna aiki da shi. Yaro ya ƙoshi da nasa tukuna.

MrsB_Gwarinpa:
Zamaninku daban Malam. Amma na ji, zan bar ta ta ci gaba da yi masa.

Baban_Tagwaye:
Ni dai abin da na sani duk yaren da aka yi musu, "Baba" suke fara cewa. Nawa duka biyun haka suka yi, uwarsu har fushi ta yi.

Hajjo_Yola:
Baban Tagwaye kada ka yi saurin murna. Leɓe ne kawai ke buɗewa yana rufewa, ba, ma, da, su ne masu sauƙi a bakin jariri, mu manya muka rabe su muka ce da mu yake. Mu da Fulatanci "daada" uwa ce. Tawa ta biyu kalmarta ta farko ta gaskiya "oyoyo" ce, duk wanda ya yi sallama sai ta ce oyoyo, har mai kawo ruwa.

UmmuSadiq:
Nawa "bobo" ya fara, ya ga kyankyaso. Har yanzu yana shekara 3 "luwa" yake cewa, ƙofa kuma "kofa". Shi ma in damu?

Malama_Rabi:
A'a UmmuSadiq, wannan tsamin baki ne na ƙuruciya. Ra da tsa da ƙa suna cikin masu zuwa a ƙarshe, wani sai ya kusa shiga firamare suke zama. Tunda yana haɗa zance kuma kuna gane yawancin abin da yake faɗa, ki bar shi. Ke dai ki riƙa faɗar kalmar daidai, kada ku mayar da "luwa" ta zama sunan ruwa a gidan don tana ba ku dariya.

Uwar_Jarumi:
Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba. Ɗana yana da galahanga, wadda likitoci ke kira autism. Shi ma an ce min gado ne, an ce maza haka suke, an ce miskili ne kamar kawunsa. Kunnensa lafiya lau, ƙarar buɗe leda daga wani ɗaki yana ji, amma ka kira sunansa kamar da bango kake. Bai taɓa nuna min abu da yatsa ba. Ba ya kallon ido. Hannuna yake kamawa ya ɗora a kan abin da yake so. Sai ya jera murafan kwalba ya yini a kai, in an taɓa ɗaya gidan ya kama da wuta. Ba don in tsorata ki na faɗa ba Maman Haidar, yadda kika ce naki yana nuna mage ya juyo ya kalle ki yana dariya, wannan alama ce mai daɗi, nawa bai yi haka ba. Na faɗa ne saboda masu karantawa a ɓoye. Da aka fara yi masa horon magana ya samu ci gaba, yanzu yana faɗin buƙatarsa. Abin da ya fi min ciwo ba ciwon ba ne, maganganun mutane ne, har da masu cewa na yi sakaci da addu'a lokacin goyon ciki.

Gwaggo_Asabe:
Allah ya ba ki ladan haƙuri 'yata. Masu faɗin haka ba su san Allah ba.

AbuFatima:
Amin. Jarrabawa ce, ba laifin kowa ba.

Maman_Haidar:
Na dawo. Uwar Jarumi Allah ya saka miki, ya ƙara masa lafiya. Anti Hadiza na gwada. Yana wasa na tsaya a bayansa na kira shi a hankali, bai juyo ba. Na ɗaga murya, ya juyo. Na saki murfin tukunya, har ya firgita. Na ce "ɗauko takalminka" hannuna a baya, sai ya tsaya yana kallon bakina, da na maimaita da ƙarfi ya tafi ya ɗauko. To tunda ya ji murfin tukunya ai yana ji ko?

Nas_Hadiza:
Yana ji, alhamdulillah, amma tambayar ita ce nawa yake ji. Nan ne iyaye da yawa suke ruɗuwa. Ji ba "akwai" ko "babu" ba ne kawai. Bayan irin ciwon kunnen da kika ce ya yi, ruwa kan taru a bayan fatar dodon kunne ya zauna, ba zafi, ba zazzaɓi, ba abin da ke fitowa waje. Yaro yana jin ƙara, amma magana tana zuwar masa kamar ke ki toshe kunnuwanki da yatsu ana yi miki zance. Zai ji an yi magana, ƙananan haruffa irin sa da fa da ta su ɓace masa. Da me zai kwaikwaya? Sau da yawa ruwan yana janyewa da kansa cikin kamar wata 3, in ya ƙi akwai abin da likitoci ke yi. Ban ce shi ne ba, daga nan ba zan iya sani ba, gwajin gida kuma ba hujja ba ne, yaro in wasa ya ɗauke masa hankali ma yakan ƙi juyowa.

Ki je sashen kunne, hanci da maƙogwaro, ki ce gwajin ji kike so a yi masa. In kina Kano akwai a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, in Kaduna ce akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. Sauran manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Gwajin yara ba ya ciwo, wani ma yaro na barci ake yinsa. Ki tafi da katin rigakafinsa da kwalbar maganin da kuka ɗiga, ki kuma faɗa musu in an taɓa yi masa allurai masu yawa yana jariri, don akwai magunguna irin su jentamaisin da kan taɓa ji in ba a kula da ƙima ba. Kafin nan kada a ɗiga masa komai, ko man zaitun ko nono ko ruwan ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara daga abubuwan da za a iya karewa ne, ciwon kunnen da aka raina yana ciki.

Ɗan_Damagaram:
Kuma ko da sakamako ya zo ba yadda ake so ba, ba ƙarshen yaro ba ne. Akwai na'urar ji, akwai maganar hannu. Ɗan yayata da ya samu alamar hannu sai ya zama wani mutum daban, fushin da yake yi duk ya tafi. Ku a Kano ma ai kuna da makarantar kurame ta Tudun Maliki.

Gwaggo_Asabe:
Kai Ɗan Damagaram a bar kawo wannan, in sha Allahu ba za a kai can ba. Ni har yanzu ina nan a kan bakana, yaron nan kaɗaici ne ke damunsa. A kai shi cikin yara wata guda a gani.

Malama_Rabi:
Gwaggo a yi duka biyun mana. Kai shi cikin yara ba ya hana gwaji. In kunnen a toshe yake, ko kasuwar Kurmi aka kai shi ya yini ba zai ɗauki abin kirki ba.

Maman_Haidar:
A Kano nake. Na yi wa Baban Haidar bayani, ya ce ba matsala amma kada Hajiya ta ji, za ta ce mun mayar da jikanta nakasasshe, kuma mun ƙaryata ta. Ni kuma ba na son ɓoye mata, in ta ji daga baya abin zai fi muni. Yaya zan yi?

Hajjo_Yola:
Ba ke za ki faɗa ba, ɗanta zai faɗa. Kuma kada ya ce mata "magana", ya ce "kunne". Ya ce Hajiya kunnen nan da ya yi ruwa muna so a duba ko ya warke. Gaskiya ce kuma, ba ƙarya a ciki. Ba kakar da za ta hana a duba kunnen mai sunan mijinta.

UmmuSadiq:
Ko ma ku ce ta raka ku. Tawa surukar in aka tafi da ita ta ji daga bakin likita, ita ke dawowa tana yi wa mutane bayani.

Bakatsine:
Wannan ya danganta da irin Hajiyar. Wata in kin tafi da ita, a gaban likitan za ta ce gado ne ku tashi mu tafi.

Maman_Haidar:
Tamu tana da sauƙi, faɗan baki ne kawai. Zan ba shi shawarar Hajjo. Wayar kuma na ɓoye tun jiya, ya yi rigima sosai, da yamma na kai shi gidan maƙwabciyar tawa. Anti Hadiza, sai an samo takarda daga ƙaramin asibiti ko kai tsaye ake zuwa?

Nas_Hadiza:
Ya fi sauƙi ki fara zuwa inda kuke rigakafi ko wajen likitan yara, su duba kunnen su rubuta miki takardar turawa. Ki tambayi ranar da sashen ke ganin yara, kuma ki yi sammako don layi.

Maman_Ilham:
Salam, yanzu na shigo. Don Allah Malama Rabi, tawa shekararta 3 da rabi, da tana magana tiryan-tiryan, kwanan nan ta fara in'ina, "ni-ni-ni-ni zan je". Babanta yana yi mata tsawa wai ta nutsu. Shi ma kunnen ne?

Malama_Rabi:
Maman Ilham wannan daban ne. Tsakanin shekara 2 da 5 yara da yawa suna yin haka, kuma mafi yawansu yana wucewa. Ki roƙi babanta ya bar tsawar, ita ke ƙara shi. Kada a ƙarasa mata kalma, kada a bar yayyenta su kwaikwaye ta, ku dai ku rage saurin maganarku in kuna hira da ita. In ya haura wata 6, ko kika ga tana matse fuska tana jin tsoron buɗe baki, ko akwai mai in'ina a dangi, to a kai ta a gani. Akwai mai yi a gidanku ko gidansu?

Maman_Ilham:
Ƙanin babanta yana yi har yanzu.